Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ƙungiyoyi da Hukumomi Suke Sauyawa, da Abin da Zangon Kumasi Ya Gani

Tambayoyin da ke wannan shafi su ne suke ta dawowa duk lokacin da sakatarorin ƙungiyoyin zumunci, da 'yan kwamitin masallatai, da masu makarantu, da magajiyoyin mata na unguwannin Aboabo da Sawaba da Asawase da Tsohon Zango suka zauna a kan matsala ɗaya: abin da iyaye suka kafa yana neman gagarar 'ya'ya, kuma an rasa abin da za a taɓa da abin da za a bari. Na yi shekaru ina riƙe da littafin wata ƙungiya a nan Kumasi, a ƙasar Gana, saboda haka inda ra'ayina ya shigo ban ɓoye shi ba.

1. Me ake nufi idan aka ce ƙungiya ta tafi da zamani?

Kowace ƙungiya tana da abu biyu da mutane suke yawan cakuɗawa: aikin da aka kafa ta dominsa, da hanyar da ake bi a yi aikin. Tafiya da zamani ita ce a sake hanya domin aikin ya ɗore. Zango kansa shi ne misali mafi kusa, domin asalin kalmar masaukin ayari ne. Fataken Kano da Katsina da suke zuwa Gwanja neman goro a Salaga suke sauka, inda maigida zai ba su ɗaki, ya samo musu mai saye, ya tsaya musu a kan bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutanenta suka bazu zuwa Karaci (Kete Krachi) da Yeji da Akra, wadda dattawanmu har yau suke kira Ankara. Bayan Turawa sun ci ƙasar Tonawa, wato Asante, jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga baya kuma ya hau mota.

Jaki da madugu da ayari duk sun tafi, amma maigida bai tafi ba. Wanda ya leƙa kasuwar shanu, ko wurin masu albasa da suke saukowa daga Nijar, zai tarar da shi yana aikin kakansa, sai dai yanzu da waya a hannu yake sanin inda mota ta kwana.

2. Me ya haɗa wannan magana da halittu masu rai?

Abin da ya haɗa su shi ne yadda sauyin yake aukuwa, kuma zazzaɓin cizon sauro ya isa ya nuna shi. Duk wanda ya girma kafin shekara ta 2000 ya san ɗacin kulorakwin, da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu har su kasa barci. Shekara da shekaru maganin yana aiki, sannan ya fara gazawa, har Gana ta sauya manufarta a 2004 ta koma ga haɗin magani mai sinadarin atimisinin. Ba wai ƙwayar cutar ta zauna ta yi dabara ba ne. A cikin miliyoyinta akwai 'yan kaɗan da suka bambanta da saura, waɗanda maganin ba ya kashewa. Duk lokacin da aka sha magani sai masu rauni su mutu, waɗannan su tsira su hayayyafa, har jikokinsu suka cika gari. Haka sauro ya yi da maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, abin da ya sa aka fito da sababbin gidajen sauro masu ƙarin sinadari.

Abu uku ne suka haɗu a nan: bambanci tsakanin 'ya'yan jinsi ɗaya, da matsin da yake tace su, da gadon da yake miƙa halin wanda ya tsira ga na baya. Ƙungiyoyi ma haka suke. Idan unguwa tana da makarantu goma kowacce da tsarinta, iyaye su ne matsin, domin suna kwashe 'ya'yansu daga wadda ba ta gamsar da su ba, sauran kuma suna kwaikwayon wadda ta cika. Inda ƙungiyoyinmu suka fi rauni shi ne na ukun, wato gado, kamar yadda amsa ta 7 ta nuna.

3. To, ina kwatancin ya tsaya?

Ya tsaya a wuri biyu. Na farko, mutum yana da niyya da hangen nesa, yana iya aro daga maƙwabci, kuma ba dole ne ya jira mutuwa ta koya masa darasi ba. Na biyu, halittar da ta kasa jure yanayi tana gushewa, amma doka ko ofishin da ya daina amfani yana iya yin shekara ɗari a tsaye, saboda babu abin da yake tilasta masa faɗuwa.

Dokar auren Musulmi da Turawa suka kafa a 1907 tana nan har gobe. Ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda da ɗaura shi, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su hallara gaban jami'in rajista. Wanda ya san yadda makon biki yake a Zango ya san cewa kaɗan ne ƙwarai suke cika wannan sharaɗi. An ci gaba da ɗaura aure a masallaci da ƙofar gida, doka kuma ta ci gaba da zama a takarda, ba sa haɗuwa sai ranar da rigimar gado ta kai kotu, ko ofishin jakadanci ya nemi shaidar aure.

4. Yaya sarautar Zango ta rayu bayan duk abin da ya same ta?

Ta rayu ne domin ta yarda ta rasa iko ta riƙe amfani. A zamanin Turawa akwai lokacin da aka ba Sarkin Zangon Kumasi kotu yana yanke wa baƙi hukunci, amma wannan bai daɗe ba, kuma da aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante a 1935 ya bayyana cewa mai ƙasa shi ne Asantehene, sarkin Asante. Daga nan sai siyasa ta shigo. A shekarun 1950 manyan Zango da dama sun bi jam'iyyar Musulmi da take adawa da Kwame Nkrumah, kuma a 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yanci, aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya. Da suka kai ƙara cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu domin a rufe shari'ar. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila baki ɗaya.

Bugu mafi tsanani ya zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, iyalai sun rabu, kuma cikin waɗanda suka tafi har da waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Waɗanda suka rage sun fahimci cewa sarautar da ta dogara da sunan baƙo tana kan ƙanƙara.

A yau sarakunan Zango ba su da kujera a Majalisar Sarakuna ta Ƙasa, wadda hedikwatarta take nan Kumasi, kuma ba su da ƙasar da za su raba. Abin da suke da shi shi ne sulhu tsakanin ma'aurata da maƙwabta, da shiga tsakani idan matasa suka yi karo da 'yan sanda, da wakiltar jama'a a Manhyia, fadar Asantehene, ranar bikin Akwasidae, wadda take zagayowa duk bayan mako shida. A ganina wannan ƙaramin matsayi ne ya cece su, domin abin da bai tsone wa gwamnati ido ba ba a cika rusa shi ba. Sarkin da ya rungumi jam'iyya ɗaya a fili kuwa, yana maimaita kuskuren 1957 ne.

5. Shin makarantar allo ta mutu ne, ko ta sauya?

Ta sauya, ko da yake an biya farashi. Iyayenmu sun guji boko ne domin yawancin makarantun na mishan ne, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Ahmadiyya ta buɗe sakandarenta a Kumasi tun 1950, amma saɓanin aƙida ya hana mutanen Zango da yawa kai 'ya'yansu. Sannu a hankali wasu malamai suka sa benci da allon bango, suka raba yara aji-aji, suka ƙara lissafi da Turanci, ana zaginsu ana cewa sun sayar da addini. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, ta fara tura malaman da take biya zuwa makarantun da suka yarda su koyar da manhajarta tare da Larabci da addini.

Ribar a fili take, domin daga irin waɗannan makarantu aka sami likitoci da lauyoyi da 'yan majalisa. Asarar kuma ita ce lokacin karatun Alƙur'ani ya ragu, ya koma yamma da Asabar da Lahadi da hutu, malamin Larabci kuma sau da yawa shi ne mafi ƙarancin albashi a makarantar da kakansa ya kafa. Makarantar da ba ta zauna ta tantance abin da ba za ta taɓa sakewa ba, kamar sauka da tajwidi da tarbiyya, takan wayi gari sunan Musulunci kawai ya rage a jikin allon ƙofa.

6. Me ya sa hukumomin gwamnati suke da nauyin jiki, kuma yaya ake gane sauyi na gaske da na suna?

An gina su ne domin su yi abu ɗaya ga kowa ta hanya ɗaya, kuma ma'aikacin da ya bi tsohuwar ƙa'ida ba a hukunta shi ko da aikin bai yi ba, amma wanda ya gwada sabon abu ya kuskure shi ne zai amsa tambaya. Duk da haka suna sauyawa idan matsi ya kai. Tsarin biya kafin a duba ka, wanda ya sa mutane suna mutuwa a gida don tsoron kuɗin asibiti, shi ya haifar da dokar inshorar lafiya ta 2003. Dogayen layukan sabunta kati kuma suka sa a 2018 aka fara sabuntawa ta waya. A Yulin 2007 aka yanke sifili huɗu daga sidi, kuɗin Gana, dubu goma ta koma ɗaya, amma har yau tsofaffi a kasuwa suna kiran sidi ɗari miliyan ɗaya. Hukuma ta sauya takarda cikin wata shida, harshe kuma ya ƙi bi.

Ma'aunin sauyi na gaske shi ne a duba ko hanyar kuɗi da wurin yanke shawara sun motsa. Gundumomi sun tashi daga 110 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa 261, kuma a 2012 aka yanke Asokore Mampong daga majalisar birnin Kumasi, abin da ya kawo ofis kusa da Aboabo da Sawaba. Amma gundumar da take jiran kasonta daga Akra ba ta fi ƙarfin abin da aka aiko mata ba. Haka nan an kafa ma'aikatar raya Zango a 2017, tare da asusun da majalisa ta yi wa doka a shekarar. A 2021 aka soke ma'aikatar da umarnin shugaban ƙasa, asusun kuwa ya ci gaba, domin dokar majalisa ce ta tsayar da shi. Wannan darasi ya shafi ƙananan ƙungiyoyi ma, dubi amsa ta 8.

7. Me ya fi kashe ƙungiyoyinmu?

Ba talauci ba ne, ba kuma gwamnati ba ce. Mutuwar mutum ɗaya ce. Na ga wannan da idona a wata ƙungiyar taimakon jana'iza da ta yi shekaru da dama tana sayen likkafani tana biyan masu haƙa. Shugabanta dattijo ne mai amana wanda ba a taɓa kama shi da ƙwandala ba, kuma saboda wannan amana ce ba wanda ya taɓa neman ganin lissafi. Da ya rasu, bayan sadakar bakwai muka zauna a zauren gidansa, babban ɗansa ya fito da wata jakar leda. A ciki akwai littafin makaranta da ruwa ya taɓa, rabinsa da ajami, sunaye babu shekara, wasu adadin da tsohon sidi wasu da sabo. Kuɗin kuma suna cikin wayar marigayin, gauraye da na cinikinsa, lambar sirrin ta bi shi kabari. Ɗan ya ce mana, "Baba, wallahi ban san wanne ne naku wanne ne na marayu ba." Gaskiya ya faɗa, kuma babu wanda ya iya amsa masa. Kafin shekara ta zagayo mutane sun daina biya.

Idan aka koma ga amsa ta 2, wannan ƙungiya ba ta da gado. Duk abin da ta koya cikin shekarunta yana cikin kan mutum ɗaya. Maganin ba mai tsada ba ne: littafi mai kwanan wata, karanta lissafi a bainar jama'a ko da sau biyu a shekara, mutum uku a kan asusu, da mataimakin da ake barin ya jagoranci zama tun shugaba yana da ƙarfinsa. Abin da yake hana mu shi ne kunya, domin a wurinmu neman lissafi kamar zargi ne. Shi ya sa ya fi kyau shugaban da kansa ya fara kawo shawarar.

8. Ya kamata mu yi rajista da gwamnati?

Ƙungiyar da take tara kuɗi masu yawa, ko take da fili ko gini, ya kamata ta yi. Dokar kamfanoni ta 2019 ta tanadi nau'in rajista ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, kuma da ita ƙungiya take iya buɗe asusu da sunanta ta mallaki dukiya da sunanta. Masallatai da makarantu da dama sun faɗa rigimar gado saboda takardar filin tana ɗauke da sunan wanda ya kafa su. Sai dai rajista tana zuwa da ɗawainiyar kai rahoto duk shekara, saboda haka majalisar shan ataya ta mutum goma sha biyu ba ta bukatarta. Yarjejeniya a rubuce mai shafi biyu ta wadatar da ita.

9. Adashi zai iya jure zamanin kuɗin waya?

Ya riga ya jure. MTN ta fara hidimar kuɗin waya a Gana a 2009, kuma yanzu uwar adashi tana karɓar zubi daga 'yar da take aure a Tamale da ɗan da yake aiki a Jamus ba tare da ta tashi daga rumfarta ba. Da aka sa harajin tura kuɗi na kashi 1.5 cikin ɗari a Mayun 2022, mata da yawa suka koma kai zubi hannu da hannu. An rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025, suka dawo. A 2019 kuwa, lokacin da Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347 a rana ɗaya, masu ajiya sun sha wahala kafin su ga kuɗinsu, adashin unguwa kuma bai girgiza ba, domin jarinsa sanin juna ne da tsoron abin kunya. Haɗarin sabuwar hanya shi ne adashin WhatsApp da mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, inda aka riƙe sunan aka yar da abin da yake riƙe da shi.

10. Yaya za a yi da saɓanin dattawa da matasa?

A daina ɗaukarsa cuta. Dattijo yana tuna abin da aka taɓa gwadawa ya lalace, matashi kuma shi ne yake kawo bambancin da amsa ta 2 ta ambata, kuma ƙungiyar da ta rasa ɗaya daga cikinsu gurguwa ce. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba matasa ƙaramin fage su gwada, da iyakar lokaci da iyakar kuɗi. A wani kwamitin masallaci, wani saurayi ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mu ce a cire akwatin sadaka ba, a bar mu mu liƙa lambar waya a gefensa zuwa ƙaramar salla, in bai yi ba mu cire da hannunmu." Liman ya yi shiru, sannan ya ce a liƙa, amma lambar ta zama ta kwamiti, ba ta mutum ɗaya ba. Kowannensu ya kawo rabin dabarar.

Mata kuma, waɗanda su ne suke riƙe da zubin biki da suna da kayan yayi da ake ɗinkawa, sun fi maza iya lissafi a yawancin unguwanni, amma ba a cika kiransu zaman da ake yanke shawara ba.

11. Me ya sa mutane suke ƙin sauyi ko da yana da amfani?

Domin sau da yawa wanda zai ci ribar daban, wanda zai ɗauki asarar daban. Cutar kumburin reshen koko ta bayyana a gabashin ƙasar nan a 1936, kuma masana suka gano cewa babu magani sai sare itatuwan da suka kamu. Ta fuskar ilimi suna da gaskiya. Amma da gwamnatin Turawa ta tilasta saran bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da farashin koko yake tashi, manomi yana kallo ana sare itacen da har yanzu yake ba shi 'ya'ya, sai ƙiyayya ta tashi, har ta zama ɗaya daga cikin dalilan tarzomar 1948. Sai da aka gyara maganar diyya aka shigo da manoman cikin aikin kafin ƙura ta lafa. Duk wanda ya ga yadda aka yi ta jayayya a kan rabon shaguna da kuɗinsu lokacin da aka buɗe sabuwar kasuwar Kejetia ya ga irin wannan lissafi. Kafin kwamiti ya kira wani mai taurin kai, ya fara tambayar abin da mutumin zai rasa.

12. Akwai lokacin da ya kamata a rufe ƙungiya?

Akwai, idan aikin da aka kafa ta dominsa ya ƙare, ko wata ta fi ta yin sa. Ƙungiyar da aka kafa domin saukar baƙi daga wani gari, alhali an yi shekara talatin ba wanda ya zo daga can, za ta iya komawa tallafa wa karatun jikoki idan 'ya'yanta sun yarda, ko ta haɗe da maƙwabciyarta. Idan ba a sami yarda ba, a kira taro da sanarwa a masallaci, a karanta lissafin ƙarshe, a biya bashi, a mayar wa kowa ajiyarsa. Abin da aka bayar sadaka ko waƙafi ba a raba shi, sai a miƙa shi ga wata ƙungiya mai irin aikin, da shawarar malamai da shaidu a rubuce. Idan an yi rajista kamar yadda amsa ta 8 ta bayyana, a sanar da ofishin rajista domin kada tara ta taru a kan sunayen shugabanni. Littattafan kuma kada a bar su a ɗakin ajiya inda gara za ta ci, a damƙa su ga limami ko fadar sarkin unguwa, domin a cikinsu ne sunayen waɗanda suka kafa unguwar suke.